Gizo a Majigi: Kundin Aikin Haɗa Kwamfuta da Wasan Dandamali

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Wasan da za a sa tatsuniyar Gizo da hankaki ce: suka ara masa gashi ya tashi zuwa ɓauren da ke tsakiyar kogi, haɗama ta sa suka ƙwace abinsu, ya faɗa ruwa. Minti 55 ne, 'yan wasa bakwai, mai kalangu ɗaya. Hoton da ke bayan 'yan wasa ba fim ba ne da za a kunna su bi shi. Kwamfuta ce za ta riƙa zana shi nan take, tana bin motsin jiki da kiɗa. Sharaɗin da darakta ya kafa tun farko shi ne kada ɗan wasa ya taɓa jiran na'ura. In wani zai jira, to na'urar ce.

An auna zauren. Dandamali faɗin mita 8, zurfin mita 6, babu fili a bayan bango da za a hasko daga baya. Majigi irin na ajin makaranta yana neman nisan da ya kai faɗin hoton sau ɗaya da rabi, wato hoto mai faɗin mita 5 sai an ja baya mita 7.5. Daga can kuwa duk wanda ya hau dandamali inuwarsa za ta faɗa kan allo, hoton kuma ya zube masa a fuska. Saboda haka aka ɗauki mai gajeren zango, wanda nisansa rabin faɗin hoton ne: mita 2.5 daga allo, a rataye a sama, tsayin mita 3.4. Ƙasan allon yana santimita 30 daga daɓe. Da wannan lissafin, mutum mai tsayin mita 1.75 ba ya shiga hasken sai ya matso ƙasa da mita 1.2 daga allo, in ya ɗaga hannu kuma kusan 1.5. An manna farin tef a kan mita 1.5. Wannan layin ba a tsallake shi.

Majigin lumen 4,000 ne, ƙarfin hasken da yake fitarwa ke nan. Allon mita 5 da 2.8, murabba'in mita 14 ke nan, kowace murabba'i ta sami luks 285 (ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu) in ƙwan sabo ne. Da an bi son rai an yi allo mai faɗin mita 6, da hasken ya faɗo ƙasa da 200. Girman allo kuɗinsa haske ne.

Laraba, 11 ga Disamba

An sayo farin yadin auduga a Kantin Kwari, mai faɗin inci 60, yadi 12, aka raba biyu aka haɗa a kwance. Wanda ya fi ɗaukar ido a shago, mai sheƙi, an bar shi: majigin da ke kusa da allo yana yi masa farin tabo a sama. Firam ɗin bututun ƙarfe ne daga Ƙofar Ruwa. Tela ya yi kalmasa a gefuna huɗu aka zura bututun. Tamoji bai buƙaci dutsen guga ba: an ɗaure yadin, aka fesa masa ruwa, kafin minti 40 iskar hunturu ta busar da shi ya ɗame kamar fatar ganga. An rataya baƙin yadi a bayansa don kada hasken da ya ratsa ya daki bango ya dawo ya wanke hoton.

Ɗinkin tsakiya yana fitowa a farin hoto. An daidaita zanen kogin yadda gaɓar ruwa za ta hau kansa daidai.

Asabar, 21 ga Disamba

Idon aikin Kinect ne na biyu, kyamarar bin motsin jiki da aka yi wa na'urar wasan bidiyo ta Xbox One. Microsoft ta daina ƙera shi tun 2017, sai dai na hannu, kuma ba ya shiga kwamfuta sai da adaftarsa. Ba launi muke so a wurinsa ba, nisa muke so: yana feso hasken infared da ido ba ya gani, ya auna dawowarsa, ya ba da hoton zurfi mai ɗigo 512 da 424, sau 30 a sakan. Yana gane jikin mutum daga rabin mita zuwa mita 4.5, buɗin idonsa digiri 70 a kwance. An kafa shi a bakin dandamali, a tsakiya, yana kallon allo. Iyakar ganinsa ta faɗa daidai kan farin tef ɗin nan. A nisan mita 3 yana ganin faɗin mita 4.2 kawai, don haka an zana wa 'yan wasa fili da shuɗin tef: a ciki na'ura na ganinka, a waje ba ka nan.

Wayar USB 3.0 ba ta son wuce mita 3, Kinect kuma ya fi kowa tsirfa a kan wannan. An gwada wayar ƙari iri biyu, duka sun riƙa yankewa. An haƙura: kwamfutar za ta zauna a akwati a gindin dandamali, hoto ya hau zuwa majigi ta wayar Cat6 da akwatunan juya HDMI, mai sarrafawa ya zauna a bayan zaure da laftof yana aika umarni ta OSC, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori. Shi ma ta waya, ba Wi-Fi ba. Ranar wasa wayoyin 'yan kallo za su cika iskar.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Manhajar Kinect tana zana ƙashin mutum da gaɓoɓi 25, kuma a kan masu riga da wando ta saba. Da Sarkin Ruwa ya shigo da babbar riga, ƙashin ya rikice: gwiwar hannu ta koma ƙugu, ƙafafu suka harɗe, in ya saɓa rigar a kafaɗa sai hannu ɗaya ya ɓace. Cire rigar ba zance ba ne. An bar bin ƙashi gaba ɗaya, an koma kan siffar jiki: duk ɗigon da nisansa ke tsakanin mita 2 da 4.4 mutum ne, saura a zubar. Daga siffar ake ciro abu uku, tsakiyar jiki, faɗinsa, da yawan motsi tsakanin hoto da hoto. Uku ɗin sun isa. Babbar riga ma ta fi kyau a haka, don buɗe hannu ɗaya yana ninka faɗin siffar.

Sai tufafin hankaki. An ɗinka musu baƙi da farin ƙirji yadda tsuntsun yake. A idon na'urar sai ga fararen ƙiraza huɗu suna yawo babu jiki, kuma duk wanda ya juya baya ya ɓace ɗungurungum. Gaba fari, baya baƙi, da gaske. Dalili shi ne rinin wannan yadin yana shanye infared, ba ya maido da komai. Ba kowane baƙi ne haka ba, kuma ido ba ya iya bambancewa. An karɓo ƙyalle tara daga shaguna daban-daban aka jera a kan igiya, aka duba su a hoton infared: huɗu sun fito fari tas, biyu toka-toka, uku ramuka. Shadda mai ƙyalli tata matsalar daban ce, tana watsa hasken gefe kamar madubi, siffar ta yi ta ɓulewa a inda yadin ya lanƙwasa. Rinin shuni na Ƙofar Mata ya fito lafiya matuƙar ba a kai shi bugu ba. Wanda aka buga ya yi sheƙi halinsa ɗaya da shadda. Yanzu ba a yanka yadi sai Kinect ya gan shi.

Lahadi, 29 ga Disamba

Jinkiri. An auna shi da waya mai ɗaukar hoto 240 a sakan: mutum ya tafa a gaban allo, a ƙirga hotunan da ke tsakanin haɗuwar tafinsa da haɗuwar na inuwar da kwamfuta ke zanawa a allo. Kowane hoto milisakan 4.2 ne. Awon farko 38, wato kusan milisakan 160. A tafiyar hankali ba a lura, a rawa kuwa inuwar kamar ba ta ji kiɗan ba.

An kashe gyaran karkata na cikin majigi, aka miƙe shi da hannu a maratayinsa. An kashe duk abin da yake yi na gyaran hoto. TouchDesigner, manhajar da ke zana hoton, na kyautarsa ba ya wuce ɗigo 1280 da 1280, an fitar da 1280 da 720, wanda ya zauna cikin 1280 da 800 na majigin ba tare da an ja shi ba. Babban ɓarawon ashe namu ne: don a hana gefen siffar rawa an sa ta haɗa hotuna huɗu a jere, an rage zuwa biyu. Awon ƙarshe 24, milisakan 100. Ragowar na cikin Kinect da majigin ne, ba mu da hannu a kai. Dabarar da ta rage ta zane ce: abu mai kaifin gefe yana tona jinkiri, hayaƙi da ruwa da gashin tsuntsu suna rufa masa asiri, don ido ya riga ya san su da biyo baya.

A tuna: lasisin kyauta na aikin da ba na kuɗi ba ne. In an yanke shawarar sayar da tikiti, sai an sayi lasisi.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An jefar da fukafukai. Makonni uku ana gina su: Gizo ya buɗe hannu, fiffike ya tsiro a allo daidai kafaɗarsa. Daga kujerar mai sarrafawa abin gwanin sha'awa ne. Daga kujerun gefe fiffiken yana fitowa daga iska. Lissafin ba ya da wuya: ɗan wasa yana mita 2 gaban allo, mai kallo yana mita 10 daga gare shi kuma mita 4 a gefe, hoton ya goce da santimita 80. Babu manhajar da za ta gyara wannan, don allo ɗaya ne, idanu kuwa kowa da inda yake zaune. Kuskuren tun farko shi ne an yi ta duba aikin daga kujera ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsu ya fi su. Allon ya daina riya cewa jikin ɗan wasan ne, ya zama inuwarsa, ninki biyu, can sama da kansa. Mutum a ƙasa yana rantsuwa da tsamin bakinsa cewa ɓaure ɗaya kacal ya ci, inuwar a sama mai ƙafa takwas tana cusa su a buhu. Ba a neman inuwa ta zauna daidai, don haka kowace kujera ta samu. An kuma gyara abu biyu: hoton Kinect a juye yake zuwa kamar madubi, an maido shi, kuma girman siffar yanzu ana daidaita shi da nisa, don da, in ya matso gaba, sai inuwar ta kumbura ta cika allo.

Mai fitowa a Gizo yana yawan waiwaye ya ga abin da inuwarsa ke yi. An ajiye masa ƙaramar talabijin a gindin dandamali, za a ɗauke ta mako biyu kafin wasa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Majigi ya mutu da kansa bayan minti 50, fitilar zafi ta kunnu. Filtar iska ta toshe da ƙura kamar an shafa mata taɓo, kwana 20 kacal da sa ta. Daga yau ana hure ta kafin kowane atisaye, ana goge gilashin Kinect da busasshen ƙyalle mai laushi, ana lulluɓe komai bayan ya huce. Ba a shara in kaya na kunne, kuma sai an yayyafa ruwa.

Hunturu ya zo da wani abin: wanda ya taka kafet ɗin roba ya taɓa akwatin kwamfuta sai tartsatsi ya ɗan tsikare shi, Kinect ya yanke. An naɗe kafet ɗin wajen, an haɗa akwatin da wayar ƙasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kalangu ne ke tafiyar da kogin. Ana son kowane bugu ya jefa da'ira a ruwa, muryar kuma ta ɗaga ruwan ko ta sauke shi, tunda mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauko.

Makirfo ɗaya bai iya aikin biyu ba, yana jin lasifika da takun ƙafa ya ɗauka bugu ne. An raba: faifan fiyezo mai faɗin milimita 27 don bugu, ƙaramin makirfo mai maƙalewa don murya. Fiyezon ba iska yake ji ba, girgizar ice yake ji. An fara manna shi kusa da fata, ya kashe amon, mai kalangun ya ce, "Yarana, ku cire min wannan, kun sa mata mura." An mai da shi ƙugun icen a ƙarƙashin tsarkiya, da ɗan soso a kansa, wayar ta bi maratayin kafaɗa ta sauka ta baya. Yana shiga akwatin sauti ta ramin da aka yi wa jita, don ramin makirfo yana tsotse masa ƙarfi.

Bugu ɗaya yana fitowa biyu ko uku saboda icen yana ci gaba da rawa. An sa na'urar ta toshe kunne na ɗan lokaci bayan kowane bugu. Milisakan 80 ya haɗiye kiɗa mai sauri, 20 bai hana ninkin ba, an tsaya a 45.

Muryar ta fi wuya. An saita ta ranar Talata da yamma, ranar Alhamis kogin ya maƙale a sama ya ƙi sauka. Busasshiyar iska ta ɗame fatar, muryar gaba ɗaya ta hau. Babu lambar da za a rubuta a bari. Kafin kowane wasa sai a ce, "Baba, a ba mu ta ƙasa," ya buga a sake, a danna maɓalli na'ura ta riƙe muryar. "A ba mu ta sama," ya matse, a danna. Sakan 20 ne. Za a maimaita in zaure ya cika, don numfashin jama'a yana sauya danshin ɗaki.

Wani abu da ba a shirya ba: kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Da ya buga kirarin Gizo, ruwan ya zana kalmomin a sama da ƙasa, waɗanda ke zaune suka gane kafin a faɗa musu. Darakta ya buɗe wa wannan gaɓa ta kanta, babu ɗan wasa a dandamali, minti ɗaya da rabi.

Lahadi, 26 ga Janairu

An ɗauke wuta ana tsakiyar gaɓa ta 12. Kafin a tada janareto, majigi ya huce ya yarda ya kunnu, kwamfuta ta tashi, minti shida sun tafi. Ƙwan majigi kuma ba ya son a yanke masa wuta fanka ba ta gama aikinta ba. Ƙaramin UPS na ofis, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, bai taimaka ba, a kan janareto sai ya yi ta ƙyas-ƙyas yana komawa batir har ya ƙare, saboda injin ba ya riƙe bugun wuta 50 a sakan daidai in nauyin fitilu ya sauya.

An raba wutar gida biyu. Fitilu da lasifika a janareto. Majigi, kwamfuta, Kinect da akwatin sauti, jimla wat 650, a kan inbata mai tsabtatacciyar wuta da batir biyu masu 12V 200Ah, a cire ta daga bango tun kafin a fara. Wat-awa 4,800 ke nan a takarda. In an ci rabi kawai don lafiyar batir, aka cire asarar inbata, saura kamar 2,000, awa uku. Rabawar ta jawo gurnani a lasifika, an sa akwatin DI, mai tsare gurnanin wuta daga layin sauti, tsakanin kwamfuta da mikisa, ya yi shiru.

Fitilu: manyan halojin na zauren suna zubo luks 90 a kan allo, farin hoto bai fi baƙinsa sau huɗu ba, dare ya zama toka. Su ne kuma ke cika idon Kinect da infared, siffar ta yi ta tsatstsafi. Rage su gyaran gangar auzinawa ne, don baƙar fata in ba ta sami haske sosai ba fuska ta tafi, wasan kuma a fuska yake. An koma LED takwas, daga gefe da sama a tsaye, da marufan gwangwani da aka shafa wa baƙin fenti suna yanke hasken a kan farin tef. Zubar ta sauko luks 20, bambancin ya kai sau 15. Biyu na ƙarshen layin DMX, wayar da ke kai wa fitilu umarni, suna ƙifta ido, an sa resista mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 a fitilar ƙarshe, sun daina.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Buɗe wasa na 'yan kallo ne. Mai ba da labari ta ce "Gatanan gatananku," ƙarfin "Ta zo mu ji ta" ne zai fito da wata a allo. In amsar ta yi sanyi watan ya tsaya rabi, ta sake tambaya. Makirfon zauren yana jin lasifika ma, don haka mai sarrafawa ne ke buɗe shi na sakan huɗu bayan ta rufe baki. An gwada da ɗalibai 30. Ranar wasa zai buƙaci wani saitin, an bar masa maɓallin juyawa a hannu.

Cikin gaɓa 34 na wasan, tara ne ke bin jiki ko sauti. An rage zuwa biyar. Huɗun da aka cire, da aka kunna hoton da aka ɗauka a madadinsu, babu wanda ya gane a cikin masu kallon gwajin. In ba a gane ba, kasada ce ta banza. Biyar ɗin da suka rage kowace an ɗauki bidiyonta daga atisaye mai kyau an ajiye a ƙarƙashinta. In Kinect ya yi shiru rabin sakan, manhajar ta narke zuwa bidiyon cikin sakan ɗaya. Mai sarrafawa ma yana da jan maɓalli na yin haka da kansa. An zare wayar da gangan sau uku ana wasa, Gizo bai sani ba sai da aka gaya masa. An hana kwamfutar barci, sabunta kanta da fito da saƙonni.

Talata, 11 ga Fabrairu

An yi wasan daga farko har ƙurunƙus ba tsayawa, minti 58. Inbata ta riƙe, majigi bai yi zafi ba. An tsai da Asabar 22 ga wata, bayan sallar Isha'i, kafin azumin da ake sa rai a farkon Maris. Da la'asar ba zai yiwu ba, tagogin yamma suna shigo da rana ta wanke allo ta makantar da Kinect.

Da sauran rina a kaba. In hankaki huɗu suka kewaye Gizo siffofinsu suna haɗewa su zama dunƙule ɗaya, inuwar ta rasa wanda za ta bi. Za a gwada bin wanda ya fi kusa da Kinect, su kuma su tsaya taku ɗaya a bayansa. Wayar fiyezo ta tsinke a wajen walda karo na biyu, ana haɗa guda biyu na ajiya da filogi mai zarewa. Bidiyon da aka ɗauka na atisayen yana da layukan launi a kan allo, za a gwada saurin kyamara 1/60 da 1/30 a ga wanda ya share su. Ba a sami ƙwan majigi na ajiya ba tukuna, na ciki ya ci awa 1,400. Ranar Alhamis za a ɗauke talabijin ɗin gaban Gizo.